Mu Takwas a Dubai: Inda Kuɗin Kai Yara Wurin Wasa Yake Zurarewa

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya biza a watan Yulin 2024, bayan kusan shekara biyu ƙofa a rufe, mata da yawa a layinmu na kasuwa suka fara shawarar kai yaransu Dubai hutu. Yawancinmu mun san garin, amma sanin 'yan sari muka yi masa: daga filin jirgi zuwa unguwar Deira, daga Naif zuwa Murshid Bazar, daga nan zuwa wurin masu kago. Mace za ta yi shekaru tana wannan zirga-zirgar har ta haddace kuɗin ɗaki da na abinci da na ɗan dako, sai ta ɗauka in ta ninka wannan da yawan yaranta, ta ɗora kuɗin tikitin wurin wasa a kai, lissafi ya kammala. Wannan lissafin ba ya fita. Na kai nawa iyalin a hutun ƙarshen shekara, na ga ta inda kuɗin yake bi, kuma ina son 'yan uwana mata su sani tun suna gida, kafin su taɓa jarinsu.

Abin da na fahimta shi ne, duk harkar nan an gina ta ne a kan iyali mai mutum huɗu: miji, mata, yara biyu. Haka tasi yake, haka ɗakin otal, haka teburin cin abinci, haka rangwamen da suke kira na iyali. Mu kuwa mu takwas muka tafi. Ni da maigidana, da mahaifiyarsa Hajiya, da yaranmu huɗu, da ɗan ƙaninsa da yake hannunmu tun yana ƙarami. A wurin Bahaushe wannan ƙaramin ayari ne ma, don na san gidajen da in za a tashi sai an kai goma sha. Daga ranar da ka wuce mutum huɗu, komai sai ka saya biyu, wani ma uku.

Abin yakan fara ne tun a tikitin jirgi. Kamfanonin jiragen sama yaro a wurinsu daga shekara 2 ne zuwa 11. Ranar da ya cika 12 ya zama babba, kuɗin babba zai biya. Babbar 'yata tana da shekara 13, ni a idona yarinya ce da har yanzu nake duba mata kitso, amma a takardar jirgi da ta otal da ta ƙofar wurin wasa, mace ce cikakkiya kamar ni. Daga Kano kuma sai an yada zango, ko a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha. In kai kaɗai ne ka sha ruwa ka kwanta a kujera har a kira jirgi. Da yara biyar da tsohuwa, awannin jiran nan sai an ci abinci, kuma abincin filin jirgi da dala ake sayensa.

Sai otal. Farashin da ake gani a waya sau da yawa ba shi ne za a biya ba. A Dubai ana ɗora wa kuɗin ɗaki kashi 10 cikin 100 na hidima, da kashi 7 na hukumar birni, da kashi 5 na harajin VAT wanda ƙasar ta fara karɓa a watan Janairun 2018. Wani shafin yakan haɗa su a farashin da yake nunawa, wani kuma sai a matakin ƙarshe, ko a rubutun ƙasa da ba kowa ke karantawa ba. In ba a haɗa ba, ka ƙara sama da kashi 20 cikin 100 a kan abin da ka gani. Bayan wannan akwai kuɗin yawon buɗe ido da aka fara karɓa a 2014, daga dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal ɗin, kuma yawanci a teburin karɓar baƙi ake biyansa. A ji dirhami 15 kamar ba komai ba. Amma iyalin da ya kama ɗaki uku na dare bakwai a otal mai tauraro huɗu, dirhami 315 ke nan. Ko falat ka kama, da yawan ɗakunan kwana ake lissafa shi.

A nan dole a yi maganar naira. Dirhami a ɗaure yake da dala tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67, ba ya motsi. Namu kuɗin ne yake motsi. A farkon 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, wato dirhami bai wuce naira 125 ba. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a cikin 2024, dirhami ɗaya ya wuce naira 400. A wannan farashin, dirhami 315 ɗin can ya doshi naira 130,000, kuma ba a kwana a kai ba, ba a ci ba, ba a hau lilo ko ɗaya ba. Matan da rabonsu da Dubai tun kafin a rufe biza, har yanzu tsohon farashin ne a kansu. Ina roƙonsu su je Wapa su tambayi 'yan canji, su sake ninka komai da farashin yau.

Akwai kuma kuɗin ajiya da otal yake riƙewa ranar shiga, ko a kati ko a hannu, saboda ko za a ɓata wani abu. Ana mayarwa, amma in a kati ne yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo, wani lokaci sai ka koma gida. Duk tsawon zamanka wannan kuɗin naka ne amma ba ka da iko da shi. Mai ɗaki uku, ajiya uku.

Mutane da yawa ba su san nisan wuraren nan ba. Mu 'yan kasuwa Deira muke sauka, don nan muka sani, nan abincinmu yake, nan ɗaki ya fi sauƙi. Wuraren wasan kuwa can wajen gari suke. Dubai Parks and Resorts, inda Legoland da Motiongate suke, wanda aka buɗe a 2016, yana Jebel Ali ne, dab da iyakar Abu Dabi, sama da kilomita 50 daga Deira. Tsibirin Yas, inda Ferrari World da aka buɗe a 2010 yake, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023, wannan a Abu Dabi yake ɗungurungum, sama da kilomita 100. IMG Worlds of Adventure da Global Village suna can ta bayan gari, inda jirgin metro bai kai ba. Tasin Dubai da mita yake aiki, mutum huɗu yake ɗauka, kuma direba ba zai yarda a matsa a ƙara na biyar ba don tara ce a kansa. Babbar motar tasu shida take ɗauka, wata bakwai. Mu takwas ko ita ba ta ɗauke mu. Kullum mota biyu zuwa, mota biyu dawowa: ni da 'yan mata da Auta a ɗaya, maigida da Hajiya da samari a ɗaya.

A kan kuɗin mita kuma akwai Salik, kuɗin ƙofar hanya da aka fara a 2007. Ba shinge ba ne da za a tsaya a miƙa kuɗi, wani ƙarfe ne a saman titi, mota na wucewa ƙarƙashinsa yana cira. Dirhami 4 ne kowace ƙofa, daga ƙarshen Janairun 2025 kuma ya zama 6 a lokutan cunkoso na safe da na yamma, wato daidai lokacin da mai yara yake fita da lokacin da yake dawowa. A tasi fasinja ne yake biya. Daga Deira zuwa Jebel Ali ta titin Sheikh Zayed ƙofa fiye da ɗaya ake ratsawa. Wasu wuraren wasan suna da bas na kyauta ga wanda ya riga ya sayi tikiti, yana ɗauka daga wasu otal-otal ko manyan kantuna a ƙayyadadden lokaci. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai babban iyali ya bincika, tun kafin ya zaɓi unguwar da zai sauka.

Ba zan kira sunan wuraren da muka shiga ba, don abin da zan faɗa tsarin harkar ne gaba ɗaya. A ƙofa akwai sanda mai alama da ake gwada tsayin yaro. Da yawansu ba ruwansu da shekara, tsayi suke bi, ma'aunin yakan faɗa wajen mita 1.1 zuwa 1.2. Wanda ya wuce alamar ya biya kuɗin babba. To amma a ciki kowane lilo da nasa ma'aunin daban, kuma manyan masu gudu a kan dogo sun fi na ƙofa tsawo. 'Yata mai shekara 7, ta uku a yarana, ta faɗa tsakani. A ƙofa ta isa biyan kuɗin manya, a bakin lilon da ta kwana tana mafarkinsa ba ta isa hawa ba. Na ga yadda ta jingina bayanta da sandar, ta miƙe wuya, ta ɗan ɗaga dunduniya. Ma'aikaciyar ta sa tafin hannu a kanta a hankali, ta nuna min ratar, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta ba mu haƙuri, kuma gaskiyarta ce, don ƙarfen da yake riƙe mutum a kujera ba zai riƙe ƙaramin jiki ba. Yayyenta suka shige, ita ta tsaya riƙe da gefen mayafina. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, sai cewa ta yi, "Umma, in na ci abinci da yawa yau, gobe zan kai?"

Taku kaɗan daga wurin akwai shago cike da 'yan tsana masu kamannin abin da ke cikin lilon. Duk uwar da ta tsaya inda na tsaya ta san abin da ya biyo baya. Na saya mata. Da yayyenta suka fito, ta cikin wannan shagon hanyar fitarsu ta biyo, don haka ake gina wuraren: ba ka fita daga lilo sai ta tsakiyar kanti. Suka ga abin da ke hannunta. A gidanmu ba a yi wa ɗaya a bar saura, balle ga ɗan riƙo a tsaye yana kallo bai ce komai ba, shi da ba ya taɓa roƙo. 'Yar tsana ɗaya ta zama kaya biyar.

Ma'aunin tsayin kowane lilo yana nan a rubuce a shafin kowane wurin wasa. A auna yara a gida da tef ɗin tela, ba takalmi, a duba abin da kowa zai iya hawa, sannan a zaɓi wuri. Akwai wuraren da aka yi domin ƙanana, kamar Legoland da aka tsara wa 'yan shekara 2 zuwa 12, akwai kuma waɗanda ɗan shekara 6 zai yini yana kallon wasu suna hawa.

Hajiya ma cikakken tikiti aka saya mata, ba ta hau komai ba. Ba ta zo don lilo ba, ta zo ne ta ga jikokinta suna murna. Amma wuraren nan faɗi gare su, yini guda ana tafiya a ƙasa, ita kuma gwiwa ta daɗe tana damunta. Kafin azahar sai da muka nemo mata keken da ake tura marasa lafiya. Ta ƙi da farko, ta ce, "'Yar nan, ku bar ni a nan inuwa, ku je ku dawo, kada ku yi ta ɓarin kuɗi a kaina." Maigida ya durƙusa ya lallashe ta har ta hau. Auta kuma, da yake ya wuce goyo amma bai isa doguwar tafiya ba, shi ma sai da aka yi hayar keken yara. Wanda yake da nasa a gida ya taho da shi, jirgi yana ɗauka.

Ana duba jaka a ƙofa, kuma galibi ba a shiga da abinci daga waje, sai na jarirai ko na mai lalura. Dambun naman da na ƙulla da cincin ɗin da na soya, a ɗaki suka zauna. Ta fuskar addini hankali kwance yake, abinci halal ne, akwai ɗakunan sallah masu tsafta na maza da na mata da wurin alwala, wannan kam na yaba. Tsadar ce matsala. Ruwan gora ɗaya a ciki kuɗinsa zai sayi da yawa a kantin unguwa a Naif. Abincin kuma boga ne da soyayyen dankali da fiza. Yara sun ci sun ji daɗi. Hajiya ta gutsiri burodin ta ajiye, maigida ya ci don dole, da muka koma Deira da dare sai da aka nemi shinkafa da miya a gidan abincin 'yan Afirka. Wato a rana ɗaya an biya kuɗin abincin manya sau biyu. Abin da ya taimaka mana daga baya shi ne karin kumallo mai nauyi a ɗaki: shayi, ƙwai, burodi, wani lokaci har taliya. Falat mai kicin ya fi ɗakin otal amfani ga irinmu nesa ba kusa ba.

Ranar wasan ruwa ita ta fi kowace rana cin kuɗin da ba a shirya ba, kuma wannan ya shafi gidajenmu kai tsaye. Ba a hawa abin zamiya da doguwar riga ko hijabi mai faɗi ko wani yadi mai yawo, don yana iya maƙalewa. Sun yarda da kayan wanka masu rufe jiki duka, riga mai dogon hannu da wando da hular kai, amma sai na yadin da aka yi don ruwa. Babbar 'yata ta fito daga ɗakin canja kaya da doguwar rigarta ta auduga da wando a ciki, ma'aikaci ya tsayar da ita a gindin matakala. Ta dawo wurina idonta ya cika, ta ce, "Umma, ni dai ba zan sa irin nasu ba. Gara in zauna wurin Hajiya." Na ji daɗin maganar har cikin raina, kuma ban yarda kunyarta ta zama dalilin da za ta zauna tana kallon ƙannenta ba. Shagon cikin wurin yana sayar da masu rufe jikin, da farashin wanda ya san ba ka da wani zaɓi. Muka saya mata, muka saya wa ƙanwarta. Irin kayan nan suna nan a kantunan cikin gari da sauƙi sosai, har a Kano ma ana samu yanzu. Wasu wuraren ruwan kuma suna ware rana ko dare na mata zalla, ma'aikatan ma mata. Mai 'yan mata ta duba jadawalin wannan kafin ta tsayar da ranar tafiya.

Bayan kaya, tawul haya ne, akwatin ajiyar kaya haya ne, kuma kayan mutum takwas ba sa shiga ƙaramin akwati. Rumfar da za a zaunar da tsohuwa a inuwa ita ma kuɗi ce in ana son keɓantacciya. Ana ɗaura wa mutum wata munduwar roba a hannu, a zuba kuɗi a cikinta, da ita ake buɗe akwati, da ita ake sayen askirim. Kamar katin waya take, ba ka ganin fitar kuɗin, sai dai a ce maka ya ƙare. In an zuba, a tambayi yadda ake karɓar ragowar kafin a bar wurin, don da gajiyar yamma mutane da yawa sukan wuce su bar shi.

Sai layi. Hutun Disamba shi ne lokacin da garin ya fi daɗin iska, shi ne kuma lokacin da duniya duka take zuwa, otal ya yi tsada, layin babban lilo ya kai awa guda ko fiye. A gefen kowane dogon layi akwai wata gajeriyar hanya ta waɗanda suka sayi tikitin tsallake layi, kuma kuɗinsa kan kowane mutum ne. Yaro yana tsaye ƙafa ta gaji, yana kallon sa'anninsa suna wucewa ta gefe, sai ya ɗago ya kalli ubansa. Na ga fuskar maigida a wannan lokacin. Mutum ne da ba ya son a ce ya gaza wa iyalinsa a gaban mutane. Ya jawo ni gefe ya ce, "Ummansu, nawa ne na mu duka?" Da na faɗa masa ya yi shiru. Ba mu saya ba, muka bi layi, kuma ina ganin daidai muka yi. Amma shirun nan nasa ya dame ni, don mutumin da ya tara kuɗi wata da watanni ya kawo iyalinsa wata ƙasa bai cancanci a sa shi jin ya kasa ba.

Da na dawo na bi tarihin abin don in gane ko haka yake tun asali. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya ta Amurka ranar 17 ga Yulin 1955, kuɗin shiga na babba dala 1 ne, sannan kowane lilo a biya nasa daban. Daga baya suka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa daga A zuwa E, E ɗin na manyan lilo. Wannan shi ne irin tsarin da muka sani a gida, kamar a Magicland na Abuja ko filayen wasan da ake cika ranar Sallah: ka biya ƙofa, ka biya abin da yaro zai hau, kana ganin kuɗinka yana fita ɗaya bayan ɗaya, in ya ƙare ka ce a tashi. A 1982 Disney suka soke littafin, aka koma tikiti ɗaya na komai. A 1999 suka kawo FastPass, hanyar kama layi tun da wuri, kyauta. A 2021 suka soke na kyautar suka mayar da shi na kuɗi. Don haka tikitin da ake ce maka na komai da komai ne, a yau izinin shiga ne da izinin tsayawa a layi. Saurin hawa, hoton da na'ura ta ɗauke ka kana ihu a kan lilo, wasannin jifa da ake cin 'yar tsana, zanen fuska, duk kowanne da kuɗinsa. Kuma harkar ƙara girma take a yankin, don a watan Mayun 2025 Disney ta sanar da cewa za a gina nata wurin a tsibirin Yas.

Wanda zai iya jure zafi, watannin Yuli da Agusta otal yakan yi sauƙi ƙwarai, kuma ya dace da dogon hutun makarantunmu. Zafin yakan wuce digiri 40 ga gumi, amma IMG da Warner Bros. World da Ferrari World duk a rufe suke da na'urar sanyaya wuri. Global Village ne ba a samu a lokacin, don daga wajen Oktoba yake buɗewa zuwa bazara.

Wajen biya da kati, na'urar takan tambaya ko a cire da dirhami ko da kuɗin katinka. A zaɓi dirhami, don ɗaya zaɓin canjinsa ya fi tsada. Kada kuma a dogara da katin naira shi kaɗai. Bankunanmu sun taɓa rage abin da ake kashewa a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. A tambayi banki iyakar kafin a tashi, a riƙe tsabar kuɗi a hannu.

Akwai kashe kuɗin da babu wani Bature mai ba da shawarar tafiya da zai lissafa maka, wato tsaraba. Ni da nake zuwa sari na saba, turare kaɗan da dabino sun wadatar. Amma tafiya da iyali daban ce, kowa ya san kun tafi, kuma kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin yana da nasa mutanen. Hajiya tana da ƙawayenta na islamiyya da 'yan uwanta na ƙauye. Maigida yana da abokan aiki da limamin unguwa. Yara suna da malamai da 'yan ajinsu da 'ya'yan maƙwabta. Ɗan riƙonmu yana da mahaifiyarsa da ƙannensa, kuma ba zai yiwu ya je musu hannu rabbana ba. Ban ɗauki tsaraba a matsayin ɓarna ba, zumunci ne, kuma wanda ya yi maka addu'ar sauka lafiya yana da haƙƙi. Abin da nake cewa shi ne a ware mata kuɗinta tun daga gida, a rubuta sunaye, a saye ta a Deira inda ake ciniki, kada a saye ta a shagon wurin wasa. A kuma auna jakunkuna a ɗaki. Yawancin jiragen hanyarmu jaka biyu masu kilo 23 suke ba mutum, abin da ya haura kuɗinsa mai zafi ne a filin jirgi, alhali masu kago suna nan a Naif. Kayan da aka saya a manyan kantuna kuma, in rasit ya kai dirhami 250, baƙo yana iya karɓar mafi yawan harajin VAT ɗinsa a filin jirgi, in an yi masa rajista da fasfo tun a kantin. Wannan na kaya ne kawai, bai shafi tikiti ko abinci ko otal ba.

Kafin mu tafi, wasu sun ba ni shawarar in rage mutane. A bar Hajiya a gida tunda ba abin da za ta hau, a bar ɗan riƙo tunda ba ni na haife shi ba, mu koma shida, lissafi ya yi sauƙi. Da alheri suka faɗa, amma ban karɓa ba, kuma ba zan ba kowa wannan shawarar ba. Yaron da yake cin tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yanki, in kika bar shi a gida ranar da za a hau jirgi, kin faɗa masa matsayinsa, kuma ba zai manta ba har ya girma. In kuɗi bai kai ba, wuraren za a rage. Babban wurin wasa ɗaya da aka zaɓa daidai da tsayin yaran ya isa, a je tun buɗe ƙofa kafin layi ya taru. Sauran kwanakin akwai bakin teku na jama'a, akwai rawar ruwa a gindin Burj Khalifa da ake kallo kyauta, akwai kwalekwalen abra da yake tsallaka ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai a kan dirhami 1, akwai Global Village da kuɗin shigarsa kaɗan ne in dai an riƙe hannu a ciki. Kowane yaro kuma a damƙa masa nasa kuɗin kashewa a ambulan tun ranar farko, daidai wa daida, a gaya masa shi ke nan har a koma. Da muka fara yin haka roƙo ya ragu, har na ji babban ɗana yana ba ƙanwarsa shawarar ta bari sai an koma cikin gari.

Wata maƙwabciyata a kasuwa, mai yara shida, ta zo da takardar lissafinta bayan na dawo. Kwasar adashinta take jira, ta riga ta yi magana da ejan. Abin da ta rubuta jirgi ne, da biza, da ɗaki biyu, da tikitin wurare uku. Muka zauna bayan la'asar muka ƙara ɗaki na uku, da harajin otal, da mota biyu kullum, da abinci, da kayan ruwan 'yan matanta uku, da tsaraba. Jimillar ta wuce adashin da nisa, sai an shiga kuɗin kaya. Ta soke wurare biyu, ta mayar da otal ɗin falat mai kicin, ta ɗaga tafiyar zuwa dogon hutu, ta kuma shiga adashi na biyu. Yaran duka shida za su je, har da 'yar mijinta.